Ruwan Yuli, Ƙofar Gareji da Kicin Ɗinmu na Agege

Maganar a bakin masallacin layinmu ta taso, bayan isha'i, a kan bencin da muke ɗan zama kafin kowa ya shige gida. Kwana biyu ke nan da ruwan nan na ranar Laraba, 3 ga Yulin 2024, wanda ya wuni yana zuba har hanyoyi da dama a Legas suka koma kogi. Ana ta jajanta wa juna. Da aka zo kaina na ce ni ta ƙarƙashin ƙofar gareji ruwan ya bi ya shigo mini, ya kwanta har ya rufe idon sawu, ya jiƙa buhun shinkafar da ko sati ba mu yi da farkewa ba, da rabin buhun wake, da garin masarar da surukata ta aiko mana daga Zariya. Waken mun shanya shi a falo, amma da yake babu rana, har ya fara tsiro.

Ladaninmu, dattijo ne da ya haura saba'in, ya saurara har na kai aya. Ya ce, "Allah ya mayar da alheri. Amma ɗana, me ya kai shinkafa gareji?"

Na ce, "Baba, kicin ɗin ne ba wuri."

Ya ce, "To ashe aikinka biyu ne, ba ɗaya ba."

Gidan na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Fataucin goro ne ya kawo shi Agege kamar yadda ya kawo da yawa daga cikin iyayenmu, kuma da kuɗin goron ya gina gidan. Ƙofar garejin tun ta zamaninsa ce, mai ƙyaure biyu, ƙarfe mai nauyi da ba a yin irinsa yanzu. Sai dai tsatsa ta cinye gindinta, har yaro kan zura hannu ta ƙasa ya ɗauko ƙwallonsa. Ɗaya ƙyauren ya sunkuya yana jan ƙasa, sai ka sa kafaɗa ka ɗaga kafin sakata ta shiga. Shekara da shekaru ina cewa za a gyara bayan Sallah. Ni harkar albasa nake yi a kasuwar Mile 12, na san abin da danshi ke yi wa kaya fiye da mutane da yawa, shi ya sa asarar ta tsaya mini a rai ƙwarai.

A wannan daren kowa ya kawo shawararsa. Wani Alhaji mai sana'ar canji ya ce in yi mai gudu a kan dogo, irin wadda ake turawa gefe, a sa mata inji da rimot, yadda ake yi a gidajen Lekki. Direban babbar mota da ke kusa da ni ya ce kada in yarda, in sake ƙera mai ƙyaure biyu kawai, don ita ce duk mai waldan da ka kira ko a ƙauye zai iya gyarawa. Wani matashi mai shagon wayoyi a Ikeja ya ce a'a, mai naɗewa sama ita ce magana, irin ta shaguna, ba ta cin wuri ciki ba ta cin wuri waje. Aka yi ta musu har ladan ya miƙe ya kashe fitilar waje.

Ban taɓa komai ba sai da damina ta ja baya. Wannan shawarar maginin da ya saba yi mana aiki ce, ya ce siminti da fenti ba sa son a yi musu gaggawa cikin ruwa. Abin da muka yi kawai shi ne jera bulo muka ɗora katako, muka mayar da sauran kayan abincin kai. A watan Nuwamba na kira mai walda. Bayarabe ne haifaffen Agege, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Na yi zaton ƙofar zai fara dubawa, sai na ga ya wuce ta ya tsugunna a bakin kwata. Ya ɗauko doguwar siririyar tiyo mai haske, ya cika ta da ruwa, ya ba yaronsa baki ɗaya ya tsaya a titi, shi kuma ya riƙe ɗayan a tsakiyar gareji. Suka yi alama da alli, suka auna.

Ya ce, "Malam, ko ƙofar zinare ka sa a nan ruwa zai shiga. Titi ya fi daɓenka tudu da inci 3."

Gaskiyarsa ce. Lokacin da aka gina gidan, hawa ake yi daga titi a shiga gareji. Amma duk sa'ad da aka gyara layin sai a ƙara ciko a kan na da, har titi ya taso ya bar tsofaffin gidaje a kwari. Duk wanda ya zagaya tsofaffin unguwannin Legas zai ga gidajen da yanzu sai an sauka matakala ake shiga falonsu. Don haka kafin a yi zancen ƙarfe, magini ya dawo. Ya ƙara wa daɓen ciki tsawo, ya yi ɗan tudun siminti a bakin ƙofa mai gangare gaba da baya don kada cikin mota ya gogi ƙasa, sannan ya haƙa siririyar magudana a gaban tudun, aka rufe ta da ragar rodi, ta zarce cikin kwata. Kuɗin wannan aikin ban sa shi a lissafi ba tun farko, kuma shi ne kuɗin da na fi gamsuwa da kashe shi.

Zaɓen ƙofar kuwa, wurin ne ya yanke hukunci, ba ra'ayin 'yan benci ba. Mai gudu a kan dogo tana bukatar bango a gefe mai tsawon faɗinta, inda za ta shige in an buɗe. Faɗin bakin garejin ƙafa 9 ne, abin da ya rage tsakaninsa da katangar maƙwabci bai kai ƙafa 4 ba. Ban da haka, mai waldan ya ce dogon da ke kwance a ƙasa shi ne matattarar yashi da ledar ruwa, duk ruwan da aka yi sai ka share shi, in ba haka ba tayoyin su cije. Mai ƙyaure biyu kuma in ta buɗe waje ta tare rabin layi, ga 'yan Marwa masu keke mai ƙafa uku, ga masu tallan burodi, in ta buɗe ciki motar ba za ta samu wuri ba, don Sienna ce, tsawonta ya ɗan haura mita 5, garejin kuwa da ƙyar ya fi haka. Saura mai naɗewa. Ita matsalarta sama ce: tana son fili tsakanin linta da rufi inda za ta dunƙule. Mai waldan ya hau tsani ya cire falle ɗaya na silin, ya zura tef, ya ce akwai inci 16, ya isa.

Ranar sayen kaya tare muka tafi Owode Onirin, kasuwar ƙarafa da ke kan hanyar Ikorodu gaba kaɗan da Mile 12. Sunan ma da Yarbanci ƙarfen yake nufi. Shekarata nawa ina wuce ta a mota, ban taɓa shiga cikinta sosai ba sai ranar. A nan na koyi abu guda da nake so duk mai shirin irin wannan aiki ya riƙe. Fallayen ƙofar a ido duk ɗaya suke, fari fat suna ƙyalli, amma kaurinsu ya bambanta. Masu sayarwa da geji suke magana, kuma lambar geji in ta yi ƙasa ƙarfen ya fi kauri, in ta yi sama ya fi siranta, akasin yadda mutum zai zata. Mai waldan ya zaro wani ɗan ma'auni mai baki kamar na kada daga aljihunsa, ya cije gefen falle da shi, ya nuna mini: wannan milimita 0.5, wancan 0.8. Ya kama na farkon da yatsu biyu ya lanƙwasa shi ba wahala. Ya ce ƙofar da faɗinta ya kai ƙafa 9, in aka yi ta da siririn, iska mai ƙarfi kaɗai ta isa ta banƙare ta ta fito daga hanyarta. Muka ɗauki mai kaurin, wanda aka yi wa rufin zinki. Zinkin nan shi ke karɓar tsatsa a madadin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa ya fi daɗewa a gari mai iskar teku.

Ciniki bai yi daɗi ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, farashin duk abin da ake shigowa da shi ya daina zama wuri ɗaya. Kuɗin da aka faɗa wa mai waldan ranar Litinin, kafin Asabar ya motsa. Na taya, aka ce albarka, na ƙara, muka yi ta ja har aka sallama. Muka ɗauki a-kori-kura ta kai mana kayan Agege, gosulo ya riƙe mu a Ketu har la'asar ta kusa kufce mana.

Kwana biyu aka yi ana haɗawa. Da farko suka kafa hanyoyi biyu na ƙarfe a gefe da gefe, waɗanda fallayen ke bi su hau su sauka. Sai doguwar sandar sama mai ɗauke da sifirin a jikinta, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan mai komawa in an sake shi. Sifirin ɗin nan shi ne ƙarfin ƙofar gaba ɗaya: in ka ja ta ƙasa yana ɗaurewa, in za ka buɗe shi ke ɗauke maka nauyin, har ka ɗaga ƙofa mai nauyin buhu da hannu ɗaya. Sa'ad da za su murɗa shi, mai waldan ya kori yarana daga wurin, ya ce mini, "Malam, komai ya samu ƙofar nan, kada ka bari wani ya kwance wannan. In ya kufce yana karya hannu." Na ga yadda jijiyoyin wuyansa suka tashi yana riƙe da sandar murɗawa, ban bukaci ƙarin bayani ba. Duk inda wutar walda ta taɓa, zinkin wurin ya ƙone, don haka ya bi kowane tabo da burushin ƙarfe ya shafa jan fentin nan mai hana tsatsa kafin fentin sama.

Gwajin farko bai yi ba. Ƙofar ta hau lafiya har rabi, sai ta cije, ta karkace, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Raina ya ɓaci, don na riga na biya kaso mafi tsoka. Mai waldan ya sauke igiya mai dunƙulen ƙarfe daga sama, sai ga shi hanyar hagu ta kauce daga igiyar da kusan faɗin yatsa. Bangon ne kansa ba a miƙe yake ba, yaronsa kuma ya bi bango ya ɗaure. Bai yi gardama ba, bai ɗora wa kowa ba. Suka kwance, suka cusa ƙananan ƙarafa a baya har ta daidaita da igiya, aka cike gibin da siminti. Da magariba ƙofar na hawa tana sauka da hannu ɗaya.

Abu biyu na bari a kan shawararsa. Inji ban sa ba, don in an ɗauke wuta sai ka koma jan sarƙa, kuma kuɗinsa a lokacin ya kusa na ƙofar. Amma mun binne bututun waya a bango, ranar da hali ya samu sai a ɗaura kawai. Na biyu, fallaye uku na sama masu ƙananan huji muka sa, don iska ta riƙa ratsawa. Da yake aunawa ya ga janareta a lungun gareji, ya tambaye ni ko a nan muke tayar da shi. Na ce in ana ruwa, e. Ya ajiye tef ɗin ya dube ni, ya ce tsohuwar ƙofar da ramukanta ita ke ceton mu, wannan sabuwar da robar da ke gindinta za ta toshe ko'ina, gubar da ke cikin hayaƙin kuma ba ta wari balle mutum ya farka. Akwai ƙofa tsakanin garejin da falonmu, ɗakin yara na kusa da ita. A satin muka yi wa janareta 'yar rumfa a bayan gida, nesa da tagogi, kuma bai sake kwana a gareji yana aiki ba.

Kicin shi ne ya fi cin lokaci, kuma a nan ne na fi ƙaruwa.

Na daɗe ina tara hotuna a waya daga Instagram: kabet farare tun daga ƙasa har rufi, fitilu a ƙarƙashi, komai a rufe ba ka ganin ko cokali. Wani dare na miƙa wa uwargida wayar ina jiran ta yaba. Ta duba ɗaya bayan ɗaya a natse, ta ce, "Abban yara, sun yi kyau. Amma a cikin nan ina buhu zai zauna? Ina turmi? Tukunyar suna fa?" Na sake duban hotunan, wallahi babu ko ɗaya da ke da wurin abin da ya fi kwalin madara girma. An yi su ne don gidan da ake sayen abincin kwana uku a leda. Mu kuwa shinkafa buhu mai kilo 50 muke saye, manja da man gyaɗa a jarka, doya a ƙwarya, kuma duk motar da ta taso daga gida sai an aiko mana da gero ko dawa ko kuka.

Washegari Asabar ta shimfiɗa tabarmi biyu a tsakar gida, ita da 'yan matanmu suka kwaso duk abin da ke kicin da gareji da ƙarƙashin gado suka baje. Ban taɓa ganin kayan a wuri ɗaya ba. Tukwane tun daga ta shayi har babbar da ake dafa shinkafar taro, wadda bakinta ya kai inci 24. Kuloli manya da ƙanana, fanteka, samira da kwallayen da ta zo da su tun na aure, turmi da taɓarya biyu, muciya, rariya, faifai, kurfoti, injin markaɗe. Ta raba su kashi uku: na kullum, na sati-sati, da na sai an yi taro ko Sallah. Ni aikina riƙe tef da rubutawa. Na kullum, in ji ta, dole hannunta ya kai gare su ba tare da ta sunkuya ko ta yi ɗage ba. Na taro su hau can sama, ko su koma gareji a kan kanta, tunda ƙarfe ne ba abinci ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni dai na yi shiru ina rubutu.

Da wannan takardar muka kira kafinta, wani mutumin Mushin da maginin ya haɗa mu da shi. Kicin ɗin ƙafa 8 ne da ƙafa 10, taga ɗaya, ƙofa biyu. Ya ce in zo kasuwar katako ta Amu in ga allunan da idona. Na hau jirgin ƙasan nan na jan layi da ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024, daga tashar Agege zuwa Mushin, tafiyar da a danfo kan ci rabin safiya. Allunan duk girmansu ɗaya, ƙafa 4 da ƙafa 8, masu kaurin milimita 18 su ake yin jikin kabet da su. Akwai wanda suke kira MDF, garin katako ne da aka matse da gam, sumul, mai araha. Akwai HDF, ɗan'uwansa ne amma an fi matse shi. Sai filawud irin na jirgin ruwa, wanda aka jera siraran fallayen katako aka manne da gam ɗin da ruwa ba ya narkarwa, shi ya fi tsada nesa ba kusa ba. Kowane mai shago na rantsuwa nasa ba ya jin ruwa.

Na roƙi guntu-guntu na kowanne na zo da su gida. Muka tsoma su a bokitin ruwa bayan isha'i. Da asuba uwargida ta riga ni zuwa. MDF ya kumbura ya yi laushi kamar burodin Agege da aka tsoma a shayi, kana matsawa yana marmashewa. HDF jikinsa na nan, amma bakin da aka yanka ya tashi ya yi kauri. Filawud ɗin ya jiƙe ya yi duhu, amma bai canza siffa ba, da ya bushe ya koma yadda yake. Gani ya kori ji.

Duk da haka kuɗina ba zai kai a yi komai da mai tsadar ba, sai muka raba. Ƙasa gaba ɗaya, inda ruwan wanke-wanke da na goge daɓe ke kaiwa, ba a sa katako a jiki ba. Magini ya yi dakali mai tsawon inci 5, ya tayar da ƙananan bangaye na bulo, aka zuba kankare a kai, aka ɗora dutsen giranit, ciki kuma aka bi shi da tayil. Ƙofofin kawai kafinta ya yi da filawud. Wannan tsohon salo ne, irin na gidajen da, wasu na ganin ya tsufa, amma gara ba ta cin bulo, famfo in ya yi yoyo sai dai a goge. Na sama, da ba sa haɗuwa da ruwa sai tururi, aka yi su da HDF, da sharaɗin kowane baki da aka yanka sai an rufe shi da tef ɗinsa, har wanda ke fuskantar bango da ba mai gani.

Wurin tsawon kanta aka ɗan yi ja-in-ja. Kafinta ya ce santimita 90 ake yi ko'ina. Uwargida ba doguwa ba ce. Ta ce a kawo bulo a gwada. Aka jera, aka ɗora katako, ta tsaya ta yi kamar tana yanka albasa, ta ce kafaɗarta na ɗagewa. Aka rage har 85, ta ce yanzu ne. Sannan ta kawo maganar da ba ta cikin kowane hoto da na tara. Ta ce, "Oga, ka taɓa tuƙa tuwo?" Ya yi dariya ya ce amala dai yana gani ana yi. Ta ce to ai duk ɗaya ne, ba a tuƙa tukunyar mutum goma a tsaye a kan kanta, ƙarfin daga kafaɗa da baya yake zuwa, sai tukunya na ƙasa kana samanta. Aka ware mata lungu kusa da taga, aka yi ɗan dakali da bai wuce gwiwa ba, aka ɗora murhun gas mai kai ɗaya, ga gurbin kujerarta 'yar tsugunno a gefe. Turmi ma aka bar masa gurbinsa a ƙasa, a kan daɓe tsantsa, don daka a kan tayil fasa shi yake yi.

Tukunyar gas, mai kilo 12.5, kafinta ya so ya yi mata gida a cikin kabet don kyan gani. Na ƙi. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya ya taru, rufaffen kabet kuwa tarko ne. Aka huda bango, mai waldanmu ya ƙera mata keji a waje mai inuwa da kwaɗo, aka ratso da tiyo. Da aka haɗa, muka shafa ruwan kumfar sabulu a kowace mahaɗa muna kallo ko zai yi ƙwai. Ɗaya ta yi, aka ƙara ɗaure ta.

Wurin ajiyar abinci kuwa nan ne sana'ata ta yi amfani. Mutanenmu da yawa suna zuwa Legas da dabarun ajiya na gida, inda iska a bushe take rabin shekara. Nan ruwan da ake samu a shekara ya kusa ninka na Kano, iskar kuma a jiƙe take ko ba a ruwa, hunturun ma 'yan makonni ne tsakanin Disamba da Janairu. Kukar da za ta shekara a ƙwarya a Zariya, a nan wata ɗaya ta dunƙule ta yi fumfuna. Saboda haka kayan sun kasu biyu, masu son iska da masu gudun iska. Albasa da doya da dankali numfashi suke yi, in ka kulle su sun ruɓe. Aka yi musu kwanduna na ragar ƙarfe masu jawowa, babu ƙofa, a gefen da rana ba ta bugawa, albasa daban dankali daban, don zamansu tare na sa su saurin lalacewa. Kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da barkono suka koma kwalabe masu murfin roba. Shinkafa da gero aka saya musu manyan robobi masu murfi mai kamawa, kafinta ya yi musu faranti mai taya a ƙarƙashin kanta, a jawo a ɗiba a mayar.

Wake shi ne mai wuyar sha'ani, don ƙwaronsa tun daga gona yake biyo shi. Ba na yarda a barbaɗa wa abin da yarana za su ci maganin ƙwari. Buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, wanda masana a jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, manoman wake a Arewa sun daɗe da saninsa: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. In waken ya bushe sosai, ka matse iskar ka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin na ciki iska ke ƙare musu su mutu. Abokin gabansa ɓera ne, huji ɗaya ya ɓata aikin. Shi ya sa muka toshe duk wata kafa da bututu ya ratsa bango, muka bi bayan kabet da gam ɗin silikon, wanda ya rage mana kyankyasai ma sosai. Wanda za a ci a wata kuma a ɗebe shi a jarka mai murfi, kada a yi ta buɗe babban.

Ba a rasa ɓacin rai ba. Kafintan ya karɓi kafin alƙalami ya ce kwana goma, sai da aka yi sati huɗu. Kullum in na kira, gobe. A tsawon lokacin a tsakar gida ake girki da kurfoti, uwargida ba ta yi ƙorafi ba amma na ga gajiya a fuskarta, abin ya dame ni. Da ya kawo kayan aikinsa mai kyau ne, sai dai durowar da ke kusurwa in an jawo ta sai ta daki hannun ƙofar da ke gefenta, ba ta fita ko rabi. Kuma da na leƙa bayan na sama kafin a ɗaura, biyu ba a rufe bakinsu ba. Da ciko na hannuna, na ce sai an gyara. Ya ɗan yi fushi, ya ce ba mai gani. Na ce tururi na gani. Ya mayar da su shago, ya dawo bayan kwana uku, ya sa ɗan katako mai faɗin inci 2 a kusurwar ya matsar da durowar, ta fita sumul. Na cika masa kuɗinsa har da na mota, muka rabu lafiya, ya ci tuwon farko da aka tuƙa a sabon dakalin.

Da damina ta dawo, ruwan Yuni ya sauka da ƙarfinsa cikin dare. Na tashi da tocila na shiga gareji. Ina jin ruwa na gudu a magudanar waje, na haska gindin ƙofar daga wannan gefe zuwa wancan, daɓen a bushe, sai ɗan danshi a kusurwar hagu inda robar ba ta zauna daidai ba. Da safe na share ragar daga ledoji da yashi, na shafa giris a hanyoyin ƙofar, abin da yanzu nake yi duk farkon wata. Bututun wayar injin na nan a toshe da tsumma, bana ma ban samu sarari ba.

A bencin masallaci Alhaji mai canji har yanzu yana cewa da mai dogo na yi da ta fi kyau. Amma makon jiya ya ja ni gefe ya ce Hajiyarsa ta ji labarin dakalin tuwo a wurin walima, tana so ta zo ta gani. Na isar wa uwargida. Ta ce, "Ta zo bayan la'asar ranar Lahadi. Ka ce masa ta auno bakin babbar tukunyarta kafin ta taho."